Me ƙarin kaifin hoto zai faɗa mana game da zafin kambin rana?

Mushen fizik, Tawa

Assalamu alaikum, malamai da ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure. Ina koyar da fizik a wani lise a nan Tawa, kuma ina neman a ƙara mini haske a kan wata mas'ala da take tsaya mini a rai duk lokacin da na zo yi wa ɗaliban ajin ƙarshe bayanin rana. Zafin fuskar rana, wato ɓangaren da yake ba mu haske, kimanin digiri 5,500 ne a ma'aunin Selsiyus. Amma siririn lulluɓin iskar da ya kewaye ta, wanda ake kira kambin rana ko korona, kuma ido ba ya ganinsa sai lokacin cikakken kusufi, zafinsa ya haura digiri miliyan 1, a wasu wuraren ma ya ninka haka sau da yawa. Tushen wutar yana can cikin cibiyar rana, inda zafi ya kai digiri miliyan 15, yana ta raguwa har ya iso fuskar, sannan kuma sai ya sake hawa a waje. Mu kuwa dokar da muke koya wa yara ita ce, zafi ba ya tashi da kansa daga abu mai sanyi ya koma wanda ya fi shi zafi, saboda haka lalle akwai wata hanya dabam da makamashi yake bi ya isa can sama.

Na san masana ba su gama daidaitawa a kan wannan hanya ba. Abin da ban gane ba shi ne, duk lokacin da aka harba sabon kumbo ko aka buɗe sabon madubin hangen nesa, sai a ce zai ɗauki hoton kambin rana da kaifin da ba a taɓa samu ba, kuma wannan zai taimaka a gano dalilin zafin. To, hoto dai siffa yake nunawa. Ta yaya ganin abu mai faɗin kilomita 100 maimakon kilomita 1,000 zai gaya mana inda zafi yake fitowa? Kuma tun farko ma, ta yaya aka san zafin wurin tun kafin a taɓa kai masa ma'auni? Idan har akwai wani lissafi mai sauƙi da zan iya ba ɗalibai su yi da hannunsu a kan allo, zan yi farin ciki da shi ƙwarai, domin ba na son in bar su da haddar lambobi kawai.

Malama mai nazarin fizik, Yamai

Wa alaikumus salam, Mushe. Allah ya ƙara basira. Zan fara da tambayarka ta biyu, domin amsarta ce take buɗe ƙofar ta farkon.

A lokacin cikakken kusufin shekarar 1869, masana biyu a Amurka, Charles Young da William Harkness, sun rarraba hasken kambin rana zuwa launukansa, sai suka ga wani koren layi da bai dace da kowane sinadari da aka sani a duniya ba. An shafe kusan shekara 70 ana zaton wani sabon sinadari ne da babu shi a doron ƙasa. Sai da Walter Grotrian na Jamus a 1939, da Bengt Edlén na Suwidin a 1942, suka nuna cewa baƙin ƙarfe ne na yau da kullum, amma wanda aka fizge masa elektaron 13 daga cikin 26 da yake da su, wato ƙananan ƙwayoyin da suke kewaye cibiyar kowace ƙwayar zarra. Ba abin da zai yi wa ƙwayar zarrar ƙarfe wannan tsiraici sai karo mai tsanani da sauran ƙwayoyi, irin wanda ba ya faruwa sai zafi ya wuce digiri miliyan 1. Daga nan aka san zafin kambin, ba tare da an je wurin ba.

Wannan ilimin ne ya mayar da kyamara ma'aunin zafi. Kowane mataki na tsiraicin ƙarfe yana da nasa hasken, kuma yana da nasa zafin da yake rayuwa a cikinsa. Kumbon SDO na hukumar NASA, wanda aka harba a watan Fabrairu na 2010, yana ɗauke da kyamarori masu matatar haske: wadda take barin haske mai zangon nanomita 17.1 ya wuce (zango shi ne tsawon igiyar hasken, nanomita kuwa kashi ɗaya cikin biliyan na mita) tana nuna iskar da zafinta ya kusa digiri miliyan 1, ta nanomita 19.3 tana nuna mai kimanin miliyan 1.5, ta nanomita 9.4 kuwa tana nuna mai kimanin miliyan 6. Idan aka ɗauki wuri guda da dukkansu a lokaci ɗaya, aka gwada hasken wannan da na wancan, sai a fitar da taswirar zafi. Wannan haske ido ba ya ganinsa, kuma iskar duniya tana shanye shi gaba ɗaya, shi ya sa dole a hau sama da ita. Launin zinariya ko kore da ake gani a hotunan da ake watsawa, masana ne suke sa shi don a bambanta zangon haske da zango.

Abu na biyu da ya kamata ɗalibai su sani shi ne, makamashin da ake nema ba shi da yawa idan aka auna shi da ƙarfin rana. Kambin iska ce shara-shara ƙwarai, ƙwayoyin da ke cikin santimita guda a tsawo da faɗi da zurfi ba su wuce miliyan ɗari zuwa biliyan ɗaya ba, alhali a iskar da muke shaƙa sun ninka haka fiye da sau biliyan goma. Don a riƙe shi da zafinsa, ana bukatar kimanin wat 300 a kowace murabba'in mita a wuraren da rana take kwance, da kimanin wat 10,000 a wuraren da take da hargitsi, alhali fuskar rana tana fitar da kusan wat miliyan 63 a kowace murabba'in mita. Ke nan ba ƙarancin makamashi ne matsalar ba. Matsalar ita ce yadda ake ɗaukarsa a kai shi sama, da yadda yake komawa zafi idan ya isa. Kusan kowa ya yarda cewa maganaɗisu ne mai dakon. Fuskar rana tana tafasa, kumfar tafasar kowace tana da faɗin kimanin kilomita 1,000, tana ɓullowa ta ɓace cikin ƴan mintoci, kuma zaren maganaɗisu da suka fito daga cikin rana suka yi baka a sama suka koma ciki, ƙafafunsu suna dashe ne a cikin wannan tafasar, tana ta jujjuya su ba hutawa.

A nan ne hanya ta rabu biyu. Wasu suna bin tunanin Hannes Alfvén, wanda ya nuna a 1942 cewa zaren maganaɗisu yana iya kaɗawa, kaɗawar kuma ta bi tsawonsa ta ɗauki makamashi zuwa sama. Wasu kuma suna bin Eugene Parker, wanda ya ce jujjuyawar ƙafafun tana sa zaruruwan su nannaɗe juna kamar tufkar igiya, har murɗewar ta kai inda ba za su iya jurewa ba, sai su tsinke su sake haɗuwa ta wata fuska, su saki makamashin da suka tara a matsayin ƴar ƙaramar fashewa. A 1988 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan ƙananan fashe-fashe, da kowace ba ta wuce kashi ɗaya cikin biliyan na babbar fashewar rana ba, idan suna faruwa ba adadi a ko'ina, sun isa su riƙe zafin kambin.

Yanzu ga inda kaifin hoto ya shigo, Mushe. A duka hanyoyin biyu, makamashin yana komawa zafi ne a wurare ƴan mitsi-mitsi. Idan maganar Parker ce daidai, bakan haske guda da muke gani a hoto ba abu ɗaya ba ne, dami ne na siraran zaruruwa masu yawa, wannan ya yi tsalle zuwa digiri miliyoyi da dama yanzu-yanzu, na kusa da shi yana cikin hucewa, wancan kuma ya riga ya huce. Kyamarar da ba ta iya raba su sai ta cakuɗa haskensu a ɗigo ɗaya, ta ba mu matsakaicin zafi mai kama da wanda ba ya canzawa, sai mu ɗauka ana ɗumama wurin ne a hankali ba yankewa. Wato dusashen hoto ba siffa kaɗai yake ɓoyewa ba, yana ba da amsar ƙarya game da yadda zafin yake zuwa. Ɗigo guda na hoton SDO yana rufe kimanin kilomita 435 a kan rana, kuma abin da yake iya rarrabewa da gaske ya ɗan haura kilomita 1,000, ko da yake yana ɗaukar sabon hoto duk bayan daƙiƙa 12, wanda wannan babban alheri ne.

Ranar 11 ga Yuli 2012 aka harba wata ƴar roka daga White Sands a jihar New Mexico, ɗauke da madubin da ake kira Hi-C, mai faɗin santimita 24 kacal. Rokar ba ta zagaya duniya ba, ta hau sama da iska ne ta faɗo, kuma abin da aka samu na kallo bai wuce minti 5 ba. A cikin wannan ɗan lokaci madubin ya rarrabe abubuwa masu faɗin kimanin kilomita 150, kwatankwacin nisan Yamai zuwa Doso, a kan abin da yake nesa da mu kilomita miliyan 150. Masu binciken sun ba da rahoto a 2013 cewa sun ga zaruruwan da suka nannaɗe juna suna warwarewa, wurin kuma yana yin zafi. Da aka sake harba shi ranar 29 ga Mayu 2018, sai aka ga siraran zaruruwa masu faɗin kimanin kilomita 500 a wuraren da a hoton SDO suke kama da fili mai duhu. Sannan kumbon Solar Orbiter na hukumar sararin samaniya ta Turai, a hotunan da ya ɗauka ranar 30 ga Mayu 2020 daga nisan kimanin kilomita miliyan 83, ya nuna ƴan ƙananan walƙiya warwatse ko'ina a wuraren da ake zaton rana tana kwance, faɗinsu daga kilomita 400 zuwa 4,000, suna ɗaukar daƙiƙa 10 zuwa 200. A ganina abin lura shi ne, duk lokacin da aka ƙara kaifi sai an ga wani sabon motsi a inda dā ake ganin shiru, kuma har yanzu ba a kai ƙarshen ƙanƙantar ba.

Injiniyan sadarwa, Yamai

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, kuma ban da ja a kan ko ɗaya daga cikin hujjojinta. Sai dai ina so Mushe ya ji ɗaya ɓangaren, domin shakkar da ya nuna tana da tushe, kuma ina tsoron kada ɗalibai su tashi da tunanin cewa saura kyamara ɗaya mai kyau a rufe maganar.

Kambin rana garai yake, haske yana ratsa shi. Duk abin da ke kan layin kallo, na gaba da na tsakiya da na baya, yana taruwa ne a ɗigo ɗaya. Saboda haka zaruruwa biyu da suka giciye juna a hoto suna iya kasancewa dubban kilomitoci tsakaninsu, ba su taɓa juna ba sam. Wannan ya sa ba kowane masani ne ya karɓi abin da aka gani a 2012 a matsayin hujjar ƙarshe ba, kuma nannaɗewar da take bayyana ƙarara ba ta yawaita a hotuna yadda mutum zai zata. Bayan haka, lissafi yana nuna cewa ainihin shimfiɗar da zaren maganaɗisu yake tsinkewa a cikinta tana iya yin sirantar ƴan mitoci kawai. Babu madubin da za a gina a zamaninmu da zai ga abu mai faɗin ƴan mitoci a kan rana. Abin da ake gani sakamakon tsinkewar ne, ba ita kanta ba.

Akwai kuma ciniki da duk mai aiki da na'ura ya sani. Idan ka ƙanƙanta ɗigon hoto, hasken da yake faɗa masa ya ragu. Idan ka daɗe da buɗe kyamara don ka tara haske, abin da kake kallo ya motsa ko ya mutu, tun da wasu walƙiyoyin ba su wuce daƙiƙa 10 ba. Kaifin wuri da kaifin lokaci da tsabtar sigina, ba a samun su cikakku gaba ɗaya. Su ma ƙananan walƙiyoyin da Solar Orbiter ya gani, ganinsu dabam, tabbatar da cewa su ne suke riƙe zafin kambin dabam. Dole a ƙirga su, a auna makamashin kowace, a ga ko yawan ƙananan yana ƙaruwa da saurin da zai sa jimillarsu ta rinjayi ta manyan, kuma ƙidayar da ƙungiyoyi dabam-dabam suka yi ba ta fito da amsa ɗaya ba.

Ni abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne ma'aunin da ba hoto ba. Kumbon Parker, wanda aka harba ranar 12 ga Agusta 2018, ya shiga cikin kambin da kansa a watan Afrilu na 2021, kuma ranar 24 ga Disamba 2024 ya kusanci fuskar rana da kilomita miliyan 6.1, yana gudun kusan kilomita 690,000 a awa. Yana auna maganaɗisu da ƙwayoyin iskar a inda suke, kuma ya tarar da lanƙwashe-lanƙwashe masu yawa inda zaren maganaɗisu yake juyawa baya sannan ya miƙe. A watan Fabrairu na 2022 shi da Solar Orbiter sun ratsa gudana guda ta iskar rana, wato ƙwayoyin da suke kwarara daga kambin zuwa sarari, a nisa dabam-dabam, kuma sakamakon da aka buga a 2024 ya nuna cewa makamashin da kaɗawar Alfvén ta rasa a tsakani ya yi daidai da abin da iskar ta samu na zafi da sauri. Wannan hujja ce mai nauyi ga ɓangaren kaɗawa, aƙalla a wuraren da zaren maganaɗisu yake buɗe zuwa sarari. Haka nan madubin Inouye da ke kan dutsen Haleakala a Hawai, mai faɗin mita 4, ya fitar da taswirar ƙarfin maganaɗisun kambin a 2024, ta hanyar auna yadda maganaɗisu yake shafar wani layin hasken ƙarfe. Shekara da shekaru ana maganar maganaɗisu ne mai dakon zafin, alhali a fuskar rana ake auna shi, a ƙiyasta na sama da kwamfuta.

Kuma ba sha'awa kaɗai ta sa nake bin wannan batu ba. Maganaɗisun da yake ɗumama kambin shi ne yake haifar da manyan fashe-fashe, waɗanda haskensu na eksire yake iso mu cikin minti 8, ya sa saman iskar duniya ya shanye siginar rediyon gajeren zango a ɓangaren da rana take haskawa. Mai sauraron labarai da tsakar rana a ƙauye sai ya ji tasha ta ɗauke, ya ɗauka batir ne. Guguwar rana ta watan Maris na 1989 ta kashe kuran a lardin Kebek na Kanada har awa 9, ta watan Mayu na 2024 kuma ta dagula na'urorin GPS a wurare da dama. Hasashen irin waɗannan yana bukatar sanin yadda maganaɗisun kambin yake tara makamashi, kuma hoto shi kaɗai ba ya ba da wannan.

Tsohon malamin lakwal, Tawa

Ƴaƴana, Allah ya yi muku albarka da wannan tattaunawa. Ni ba masanin fannin ba ne, amma na ga kambin rana da idona, kuma ina ganin Mushe zai amfana idan ya haɗa wa yara wannan ilimi da ƙasarsu.

Ranar 29 ga Maris 2006 inuwar cikakken kusufi ta shigo Nijar daga Najeriya ta ratsa yankin Maraɗi da Damagaram, mu kuwa a Tawa da Yamai wani ɓangare na ranar kaɗai aka rufe. Ina Maraɗi a ranar. Da hantsi haske ya fara yin fari-fari kamar na hazo, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika da masu sallar kusufi. Da wata ya gama rufe ranar, sai ga baƙin faifai a sama, kewaye da shi wani farin haske mai laushi, da dogayen jeloli sun miƙe dama da hagu, kusa da sama da ƙasan faifan kuma gajerun zaruruwa sirara a jere. Ban san a lokacin cewa zaren maganaɗisu nake gani ba. Hasken kambin bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na hasken fuskar rana ba, kusan kamar na wata daren sha huɗu, shi ya sa shuɗin sama yake haɗiye shi a sauran ranaku.

Kafin wannan, ranar 30 ga Yuni 1973, ɗaya daga cikin kusufi mafi tsawo na ƙarnin da ya wuce ya kai ƙololuwarsa a arewacin Nijar, inda duhun ya ɗauki minti 7 da daƙiƙa 4. A ranar masana suka hau jirgin Concorde daga tsibiran Kanari, suka bi inuwar wata ta saman Muritaniya da Mali da Nijar, suka zauna a cikinta minti 74 suna nazarin kambin, kafin su sauka a Cadi. Wannan wahala duka don neman ƙarin mintoci ne. Bernard Lyot na Faransa ya riga ya ƙera na'urar da take rufe fuskar rana da ɗan faifai a cikin madubi tun 1930, amma sai da ya hau da ita dutsen Pic du Midi inda iska take da tsabta, domin ƙura kaɗan ta isa ta watsa hasken rana ta rufe kambin. Wanda ya san hazon hunturu a Adar ya san dalilin da ya sa ba a nan za a kafa irin wannan na'ura ba. Yanzu kuma Turawa sun harba kumbo biyu tagwaye, Proba-3, daga Indiya ranar 5 ga Disamba 2024, suna tafiya da tazarar kimanin mita 150, na gaba yana riƙe da faifai mai faɗin mita 1.4 yana yi wa na baya inuwa, su yi kusufin kansu na awoyi. Ƙasar da babbar jami'arta take ɗauke da sunan Abdou Moumouni, mutumin da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana, bai kamata ƴaƴanta su zama baƙi a wannan magana ba.

Roƙona ɗaya, Mushe, ka ja kunnen yara kada su kalli rana kai tsaye, ko da hazo ya dusashe ta har tana kama da faranti, ballantana ta cikin madubin hangen nesa. Baƙin tabarau da gilashin da aka shafa wa hayaƙi ba sa kare ido.

Mushen fizik, Tawa

Na gode, Baba, kuma zan isar da gargaɗin. Malama da Injiniya, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Idan iskar duniya tana shanye hasken da kambin ya fi bayyana a cikinsa, kuma tana girgiza hoto, me manyan madubai na ƙasa suke gani a kambin da ya sa ake kashe musu dukiya? Kuma ina jiran lissafin da na roƙa.

Malama mai nazarin fizik, Yamai

Na ƙasa suna da fifikon girma, Mushe, domin ba a taɓa ɗora madubi mai faɗin mita 4 a kan kumbon nazarin rana ba, kuma kambin yana da wasu layukan haske da suke ratsa iskarmu. Girgizar iska kuwa ana gyara ta da wani ƙaramin madubi mai lanƙwasuwa, wanda kwamfuta take canza masa siffa don ya soke karkacewar da iska ta yi wa hasken. An daɗe ana yin haka ga fuskar rana, amma a gefenta, inda haske yake da rauni, abin ya gagara har kwanan nan. A watan Mayu na 2025 masu aiki da madubin Goode da ke Big Bear a Kalifoniya, mai faɗin mita 1.6, suka sanar da tsarin da yake sauya siffar madubin sau 2,200 a daƙiƙa, wanda ya kai su ga rarrabe abu mai faɗin kilomita 63 a kambin.

Abin da suka fi gani da kyau shi ne ruwan saman kambi, wato iskar da ta yi zafi ta cika bakan maganaɗisu, sannan ta huce farat ɗaya ta dunƙule, ta gangaro tana bin zaren zuwa fuskar rana, tana haske a jan layin haidirojin mai zangon nanomita 656. A nan nake ɗan saɓa wa Injiniya. Gaskiya ne ba za mu ga shimfiɗar ƴan mitoci ba, kuma na yarda hoto yana bukatar ma'aunin sauri da na maganaɗisu a gefensa. Amma wannan ruwan yana zana zaren ɗaya-ɗaya, kuma faɗin zaren da yake hucewa shi kaɗai, ba tare da maƙwabcinsa ba, yana gaya mana faɗin wurin da aka ɗumama shi kaɗai tun farko. Lissafi ya kuma nuna cewa ruwan yana samuwa ne idan ɗumamawar ta taru kusa da ƙafafun bakan. Duk bayanin da ya kasa haifar da zare mai wannan sirantar, a wannan wuri, ya faɗi, ko da ba a ga tsinkewar kanta ba. Ni ina ganin duka hanyoyin biyu suna aiki, abin da ake nema shi ne rabon kowace a kowane irin wuri.

Ga lissafin. Ka sa ɗalibai su raba digiri ɗaya na kusurwa gida 3,600, su mayar da shi radiyan, wato ɗaya ma'aunin kusurwa da ake lissafi da shi, su ninka da kilomita miliyan 150, za su sami kimanin kilomita 725, wato abin da daƙiƙar kusurwa guda take rufewa a kan rana. Sannan ka ba su ƙa'idar iyakar madubi: mafi ƙanƙantar kusurwar da yake rarrabewa ita ce 1.22 sau zangon hasken, a raba da faɗin madubin. Ga madubi mai mita 4 da haske mai nanomita 500, amsar tana kusa da kilomita 23 a kan rana. Ga Hi-C mai santimita 24 da haske mai nanomita 19.3, amsar kimanin kilomita 15 ce, alhali abin da ya samu a zahiri 150 ne. Ka bar su su nemi dalilin tazarar da kansu, za su iso ga santsin fuskar madubi, da girman ɗigon kyamara, da rawar roka. Daga nan su maimaita lissafin farko da kilomita miliyan 42, nisan da Solar Orbiter yake kaiwa idan ya fi kusantar rana, su ga yadda kusantowa take ƙara kaifi fiye da sau uku ba tare da an canza madubi ba.

Hotunan SDO na kowace rana suna intanet kyauta, kuma ko da wayar hannu ana iya sauke su. Ka buga ɗaya na nanomita 17.1 a takarda, su auna faɗin faifan rana da rula su ɗauke shi a matsayin kilomita 1,392,000, sannan su auna tsayin wani bakan haske da ya fito a gefen faifan, su gwada shi da faɗin duniya, kilomita 12,742.